Ranar Da Aka Kulle Mini Shago

Sau uku ina saka lambar sirrin, sau uku jan rubutu yana fito mini cewa ba ita ba ce.

Na goge zufar tafin hannuna a jikin riga, na sake sakawa a hankali, harafi bayan harafi. Jan rubutun ya sake fitowa. Na danna wurin da aka tanada don wanda ya manta lambarsa, sai aka ce an tura saƙo zuwa wani imel. Haruffa biyun farko kawai aka nuna, amma sun ishe ni. Imel ɗin Injiniya ne.

Na nemi kujerar keken ɗinkina na zauna.

Shagona ba shi da ƙofa ba shi da kwado, a intanet yake. Jakunkuna nake ɗinkawa, na mata da na yara 'yan makaranta, a wani ɗan ɗaki da yake sito ne a gidanmu kafin in kwashe tarkacensa. A shafin nan kwastomomina suke ganin kaya, a nan suke yin oda, a nan muke magana. Jiya da yamma shugabar wata makarantar ƙananan yara ta turo mini sunayen yara arba'in, kowane da kalar jakar da yake so, za a ɗinka sunan a jikin murfin. Kwana biyar ta ba ni. Tunda na fara sana'ar nan ban taɓa samun aiki irinsa ba. Na ce da safe zan kwafe sunayen a takarda.

To ga safiyar.

Injiniya abokin Yayana ne, kuma a kamfaninsa na harkar kwamfuta Yaya yake aiki. Shi ya buɗe mini shafin shekara guda da rabi da suka wuce, lokacin ko bambancin imel da lambar waya ban gama sani ba. Shekaranjiya ya zo da maganar aure karo na uku, na ce masa ya yi haƙuri, zuciyata tana wani wuri. Bai ɗaga murya ba. Murmushi ya yi ya kaɗa mukullin motarsa ya ce, "Ba komai, Auta. Za ki neme ni."

Sai yanzu na gane abin da yake nufi.

* * *

Jakar da na fara ɗinkawa zif ɗinta a karkace yake, madaurin kuma ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Umma ta ɗaga ta ta juya ta ce, "Wannan ai sai dai mu zuba albasa." Hoton da na fara ɗauka kuwa, rabin ƙafata ya fito a ciki, da gefen bokiti. Wata biyu babu wanda ya tambaye ni ko farashi.

Odar farko da na samu ita ta haɗa ni da Dogo. Mai kai saƙo ne a babur, na samu lambarsa a wurin mai sayar mini da yadi. Ya zo ya karɓi ƙunshin, ya jinjina shi a hannu, ya dube ni ta cikin hular kwanonsa.

"Malama, wannan ledar ba za ta kai mahaɗar hanya ba za ta yage. Kina da kwali?"

Na ji haushi. Wa ya tambaye shi? Amma na shiga na ɗauko kwali, ya tsuguna a ƙofar gida ya nuna mini yadda ake naɗe kusurwa da inda ake bi da salatif. Da ya dawo da yamma sai ya ce, "Matar ta ji daɗin jakar, amma ta ce da akwai ɗan aljihu a ciki na ajiye mukulli da ta fi so. Ba za ta rubuto miki ba, ni ta gaya wa."

Tun daga ranar ya zama kunnena a wurin kwastomomi. Wannan ta ce zaren yana warwarewa. Waccan ta ce kalar da ta gani a hoto ba ita ta zo ba. Duk wata matsala in shafe mako ina fama da ita har in gano kanta. Na koyi ɗaukar hoto a bakin taga da safe a kan farin kwali. Na koyi ninka ɗinki a inda madauri yake haɗuwa da jiki. Na koyi yadda ake amsa wa wadda ta zo da zagi ba tare da na rama ba, wannan shi ya fi ba ni wuya.

Abu ɗaya ne na bar wa Injiniya, wato cikin shafin. In wani abu ya lalace sai in kira shi, ya zo da turarensa da kwamfutarsa, ya juya mini baya ya gyara. In na leƙa sai ya yi dariya ya ce, "Wannan ba na ƙwaƙwalwarki ba ne, ke dai ki yi ta taka keke."

Da na ba Dogo labari bai yi dariya ba. Ya ce, "Zif ma da ba na ƙwaƙwalwarki ba ne. Ki riƙa koyon abu ɗaya duk mako."

Haka na yi. Na sayi ƙaramin littafi, ina kallon darussa a waya ina rubutawa. Ban gaya wa kowa ba.

Ban san ranar da na fara sauraron ƙarar babur ɗin Dogo daga nesa ba. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce ta bar masa yarinya ɗaya, tana wurin mahaifiyarsa. Ranar da ya ce yana so ya turo manyansa, idonsa a kan tayar babur yake har ya gama maganar. Na kai wa Umma, Umma ta kai wa Baba, Baba ya ce kalma ɗaya: a'a.

* * *

Ina zaune wayar tana hannuna Yaya ya turo ƙofar sito, da shirin fita ofis a jikinsa. Umma tana bayansa.

"Oga ya kira ni," in ji shi. "Ya ce ya ga shafinki ya samu matsala. Zai shigo bayan la'asar ya duba."

"Yaya, ba matsala ba ce. Shi ya canza lambar."

"Kin gan shi?"

"Na ga imel ɗinsa."

"To da imel ɗin wa za ki gani? Ba shi ya buɗe miki ba?" Ya duba agogo. "Ki ji ni da kyau, Auta. In ya zo ki saki fuska. Mutumin nan bai taɓa yi mana komai ba sai alheri. Kada ki sa in rasa inda zan sa fuskata a ofis saboda wani mai yawon kai kwali."

"Kwalin nawa ne, Yaya."

Ya juya ya fita. Umma ta shigo ta ture guntayen yadi daga kan benci ta zauna.

"Shekarunki ashirin da shida. Ba yarinya ba ce ke, babu mai ɗaure ki ya kai ki gidan kowa. Amma ki gaya mini, me yaron nan Injiniya ya rasa?"

"Bai rasa komai ba, Umma. Ni ce ba ya gani."

"Kamar yaya ba ya ganinki? Mutum yana sintiri a gidan nan shekara biyu?"

"Bai taɓa ɗaukar jakata ya duba ɗinkin ba. Ko sau ɗaya. Ya ce in mun yi aure zai ɗauko teloli shida, ni in zauna a gida in huta."

"To wannan laifi ne? Ni da za a ce mini in huta ai da na yi rawa."

Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Umma ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta.

"Kin san Babanku ba raina yaron can yake yi ba. Shekara talatin yana tuƙa motar asibiti. Da hannunsa ya riƙa kwasar masu babur a kan titi. Akwai ranar da ya dawo ya kasa cin abinci, ya ce wanda ya ɗauko yau sati uku da aurensa. Ba ya son a wayi gari wata rana a buga mana waya a kanki, ki zama ke ce kike zaune a bakin ɗakin tiyata."

"Umma, wanda yake cikin mota ma yana mutuwa."

"Na sani. Je ki gaya wa zuciyar uba."

Ta share idonta da bakin mayafi, ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ki wanke fuskarki kafin la'asar."

* * *

Wajen ƙarfe goma na ji ƙarar babur. Na ɗauki ƙunshi biyun da Dogo zai kai na fita. Dogo yana ganin idona ya kashe injin ya cire hula.

"Wa ya rasu?"

Na gaya masa komai. Yana ji yana matse hular a ƙirjinsa.

"Saboda ni ne," ya ce.

"Saboda shi ne."

"A'a, Auta, mu faɗi gaskiya. Shekara ɗaya da rabi kina gina abin nan. Mutum dubu huɗu suna bin shafinki. Ga aikin Yayanki a hannunsa, ga Baba ba ya so. Ni me na kawo miki ban da tashin hankali?" Ya kawar da kai. "In janyewata za ta dawo miki da shagonki, ki gaya mini. Zan turo miki wani ya riƙa ɗaukar kayan."

Ban san lokacin da na wurga masa ƙunshin a ƙirji ba.

"Kai ma? Shi ya kulle mini shago don in zo, kai kuma za ka tafi don a buɗe. Duk cikinku akwai wanda ya tambaye ni abin da nake so?"

"Auta…"

"Kada ka ce mini Auta! Kai ka ce in riƙa koyo. Ka ce abu ɗaya duk mako. Yau da aka zo gwaji kai ne na farkon gudu?"

Kuka ya ci ƙarfina, na jingina da bango. Wata mata da ke wucewa ta rage tafiya tana kallonmu. Dogo ya sunkuya ya ɗauki ƙunshin daga ƙasa, ya kaɗe shi, ya duba ko kusurwar ta lotse. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Na yi kuskure. Ki yafe mini. Gaya mini abin da kike so."

"Ina so in buɗe wani shafin. Da hannuna. Yau."

"Za ki iya?"

"Ban sani ba. A littafi na iya."

Ya ciro wayarsa mai tsagaggen gilashi ya shiga dubawa. "Duk wanda na taɓa kai wa jakarki lambarsa tana nan, ba na gogewa. Sun kai ɗari uku. Shugabar makarantar ma na kai mata samfuri makon jiya, ga lambarta."

Na tsaya ina kallonsa, hawaye yana sauka har bakina.

"Ki shiga ki fara," ya ce. "Zan turo miki su goma-goma duk inda na tsaya."

Na koma sito na rufe ƙofa, na buɗe littafina. Abu na farko imel na kaina, da lambar da babu wanda ya sani. Wannan ya zo da sauƙi. Na biyu ne ya kusa haukata ni. Sau biyu ina ɗora hotuna suna fitowa a kwance. Na sa farashi a wurin suna, suna a wurin farashi. Maɓallin yin oda ya ƙi aiki, na koma darasin na kalla sau huɗu, ashe wani ɗan akwati ne ban danna ba. Azahar ta yi ban ci komai ba. Umma ta ƙwanƙwasa na ce ina zuwa.

Sai na kira shugabar makarantar.

"Baiwar Allah, tun safe nake turo miki saƙo a shafinki," ta ce, muryarta babu wasa. "An amsa mini cewa an dakatar da karɓar aiki. Har na sa a nemo mini wani telan."

Ashe har amsa Injiniya yake ba mutane da sunana.

"Ranki ya daɗe, ba ni na rubuta ba. An karɓe shafin daga hannuna, laifina ne da ban mallake shi tun farko ba. Amma keken yana nan, yadin yana nan, ni ma ina nan. In kin sake turo mini sunayen ta wannan lambar, ranar da muka yi alkawari jakunkunan za su iso."

Sai ta ce:

"Samfurin da kika aiko, na sa yaro mafi ɓarna a makarantar nan ya riƙe shi mako guda. Bai yage ba. Zan turo. Amma in kika ƙara ko kwana ɗaya, kada ki sake kirana."

* * *

Bayan la'asar motar Injiniya ta tsaya a ƙofar gida. Tare suka shigo da Yaya. Baba yana falo a kujerarsa ta kullum, rediyo a gefe. Umma ta sa na kai musu lemo da ruwa. Na ajiye tiren, maimakon in fita sai na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba.

Injiniya ya buɗe kwamfutarsa a cinya, fuskarsa a sake. "Ƙanwata, an ce shago ya ba ki wahala yau. Irin abin nan sai a hankali, na'ura ce."

"Ba na'ura ba ce. Canza lambar aka yi, kuma daga imel ɗinka kaɗai ake iya canza ta. Sannan an rubuta wa kwastomata cewa na daina karɓar aiki. Na'ura ba ta rubuta wannan."

Yaya ya daka mini tsawa. "Auta!"

Murmushin Injiniya ya ragu. "Wa yake koya miki waɗannan maganganun?"

"Ni na koya."

Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

"Ɗana," ya ce, "ni ban san kan abin nan naku ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Kai ka kulle?"

Injiniya ya gyara zama. "Baba, don kare ta na yi. Yarinyar nan tana mu'amala da mutanen da ba a san asalinsu ba. Mai babur ɗin nan zai iya sanin lambar, gobe a wayi gari ya kwashe…"

"Bai taɓa tambayata ba," na ce. "Kai kaɗai ka san ta bayan ni."

"Ban ba ki izinin magana ba," in ji Baba, bai ko dube ni ba. Ya koma kan Injiniya. "To na ji, ka kare ta. Yanzu ga ta ga ni. Buɗe mata."

"Zan buɗe, Baba. Amma ina ganin ya kamata ta ɗan zauna ta yi tunani tukuna. Kan maganar da ke tsakaninmu. In komai ya daidaita, ai shago nata ne, har wanda ya fi shi."

Na ga jijiyar wuyan Baba ta motsa. Ya ɗora tafukansa biyu a gwiwa.

"Na ɗauki mutane da yawa a motar asibiti. Wani ya zage ni, wani ya yi mini amai a jiki. Ban taɓa taka birki a tsakiyar hanya na ce wa mutum sai ya yi mini alkawarin wani abu kafin in ƙarasa da shi ba. Abin da ka yi ke nan."

"Baba, ba haka…"

"Haka ne. Na so ka da 'yata, Allah ya sani. Har faɗa na yi mata a kanka."

Fuskar Injiniya ta canza, ban taɓa ganinta haka ba. Ya rufe kwamfutar da ƙarfi. "Da ilimina na gina shafin nan. Ba don ni ba da har yau tana ɗinka wa maƙwabta jakar cefane. Mutum dubu huɗun nan ni na tara mata su."

"Riƙe su," na ce. Wannan karon Baba bai hana ni ba. Na buɗe wayata na miƙa wa Injiniya. "Ga nawa."

Ya kalla, ya yi wata dariya ta hanci. "Wannan? Rubutun ma bai daidaita ba. Mabiya goma sha ɗaya!"

"Da safe babu ko ɗaya. Mako mai zuwa zan koyi daidaita rubutun."

Ya ajiye wayar a hannun kujera kamar ta ƙona shi, ya miƙe. Bai yi wa Baba sallama ba. A bakin ƙofa ya juyo ya dubi Yaya.

"Za ka ji daga gare ni."

Yaya ya bi shi da sauri yana kiran "Oga, Oga." Muka ji an buga ƙofar mota, muka ji ta tashi.

* * *

Baba ya juyo gare ni ya ce, "Wancan da yake tsaye a gindin bishiya tun ɗazu, yana zaton ban gan shi ta taga ba, je ki kira shi."

Dogo ya shigo da hularsa a hannu, ya cire takalmi, ya rusuna ya gaida Baba da Umma, ya zauna can bakin ƙofa.

"Kada ka zaci don wancan ya fita kai ka shigo," in ji Baba. "Maganata tana nan. Ba zan ba mai hawa babur 'yata ba."

"Baba…" na fara.

"Ke, yi mini shiru. Kai nake saurare. Za ka bar shi?"

Na ƙura wa Dogo ido ina roƙonsa a zuci ya ce e, ko da ƙarya ce. Ya sunkuyar da kai yana juya hular.

"Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba. Gobe da safe zan hau. Da shi nake ciyar da mahaifiyata da 'yata. In na ce maka na bari don ka ji daɗi, jibi za ka gan ni a titi, daga nan ba za ka sake yarda da maganata ba."

Umma ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan.

Baba ya kalle shi tun daga kai har ƙafa. "Ka taɓa riƙe sitiyari?"

"Ban taɓa ba."

"Ko kusa?"

"Na taɓa tura mota dai."

Gefen bakin Baba ya motsa, ya yi sauri ya haɗe fuska. "Akwai abokina mai gareji, yana da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya. Kullum ƙarfe bakwai na safe ka same ni a can, awa ɗaya, kafin ka fita aikinka. Wata shida na ba ka. Ka iya, ka yi lasisi, ka samu motar da za ka riƙa ja ko ta wani ce. In ka kawo mini wannan, ka turo manyanka. In ka kasa, kada in sake ganinka, ita ma ba za ta sake ɗaga mini maganar ba."

"Na yarda, Baba."

"Ban gama ba. Cikin wata shidan nan ba ka ɗaukar kayanta, ba ka tsayawa a ƙofata, ba ka kiranta. Ina so in ga ko abin naku na gaske ne ko sabo ne kawai."

"Baba, jaka arba'in zan kai nan da kwana huɗu!" na ce.

"Shi kaɗai ne mai babur a garin?" Ya juyo gare ni. "Ba ke kika ce kina koyo ba? Koyi wannan ma."

Dogo ya nemi takarda. Umma ta yago masa daga jikin kalanda. Ya rubuta lambar wani abokin aikinsa, ya ajiye a kan tiren lemon, bai miƙo mini ba. "Yana da amana, amma sai kin riƙa tuna masa kada ya ɗora kaya mai nauyi a kai." Ya miƙe, ya yi wa Baba godiya. Sau ɗaya ya dube ni, sannan ya fita. Na ji ya tura babur ɗin har ƙarshen layi kafin ya tayar.

Na koma sito. Saƙon shugabar makaranta ya shigo, sunaye arba'in a jere. Na kwafe su a takarda tun kafin in zauna, na manna a bango. Na shimfiɗa shuɗin yadi, na yanka murfin farko, na sa zare. Hawaye yana hana ni ganin allura, ina sharewa ina takawa.

Rana ta kusa faɗuwa aka turo ƙofa. Yaya ne. Ya kwance maɓallin wuyan rigarsa, wayarsa a hannu, fuskarsa kamar wanda ya tashi daga jinya. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ya turo saƙo," ya ce a hankali. "Ya ce in kin je ofis da ƙafarki kin ba shi haƙuri kafin Litinin, aikina yana nan. In ba ki je ba, kada in sake zuwa."

Na ɗage ƙafata daga kan keken.

"Kin san matata watan haihuwarta ne," ya ce. Ya kalli takardar sunayen da ke bango, ya kalli yadin, ya kasa kallona. "Ban ce ki je ba, Auta. Na dai gaya miki."

Ya ja ƙofar ya rufe a hankali.